Yadda ake kwance kilip ɗin waƙar rok, pilan bayan pilan

Matasa da yawa a Maraɗi yanzu suna riƙe da kamera. Wani biki yake ɗauka, wani yana yi wa abokinsa mawaƙi kilip, wani kuma ɗalibi ne da malami ya ba aikin nazarin hoto. Nuna musu kilip mai kyau, za su ce "kai, wannan ya haɗu!" Tambaye su me ya haɗa shi, sai a yi shiru. Abin da zan nuna maka, ƙanena, shi ne yadda ake zama da kilip guda a kwance shi kamar yadda bakaniken kabu-kabu ke kwance inji ya jera kayan a kan buhu: ina aka ajiye kamera, daga ina haske ya fito, me ya sa aka yanka hoton aka koma wani a nan ba a can ba.

Da gangan na zaɓi rok, kiɗan nan na gita da ganga. Gangarsa a fili take, makaɗan suna gaban ido, don haka ana iya gwada abin da kunne ya ji da abin da ido ya gani. Kuma ba kiɗan baƙi kaɗai ba ne. Gitar da Bombino da Mdou Moctar suka ɗauka daga ƙasarmu suka kai Turai da Amurka, da ta ƴan Tinariwen na Mali da suka ci kyautar Grammy a 2012, a layin rok duniya ke saka ta.

Kayan da za ka tanada

Kilip ɗin kansa, a sauke shi cikin waya ko ordinata. Kada ka dogara da kallo kai tsaye a intanet, domin komawa baya za ka yi ta yi, forfe ɗinka ya ƙare ba ka kai amshi na biyu ba. Nemi mai ingancin 720 ko 1080. Wanda aka turo maka ta WhatsApp yawanci an matse shi, wuraren duhu sun zama dabbare-dabbare, kuma a duhun nan ne rabin aikin haske yake.

Ordinata mai VLC, manhajar kallon bidiyo, kyauta ce. Idan ka tsayar da hoto ka danna E, zai matsa gaba da hoto ɗaya tak. Shift da S suna ɗaukar maka hoton allon, Ctrl da J suna nuna maka hotuna nawa ke wucewa a sakan guda. A YouTube na ordinata kuwa, aya tana kai ka gaba da hoto ɗaya, waƙafi ya dawo da kai baya. Ba ka da ordinata? Saka kilip ɗin cikin CapCut ko KineMaster a waya, ka buɗe layin montaj, inda ake yanka hotuna a jera su, da yatsu biyu, ka riƙa ja a hankali. Ya fi gajiyarwa, amma yana yi.

Ekutar mai igiya. Wannan ba ado ba ne. Na Bluetooth yana jinkirta sauti, wani har kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan, sai ka rantse an yanka kafin bugun ganga alhali a kansa aka yanka.

Sai kaye, da bik kala biyu, da kalmomin waƙar tare da ma'anarsu. In da Tamashek aka yi ta, nemi mai jin yaren ya fassara maka; a Maraɗi ba za ka rasa ba. Cika batir tun kuran yana nan, ka zauna a ɗaki marar hasken rana sosai. Kilip na minti huɗu yana iya cin yini guda idan za a yi masa aikin kirki.

1. San asalin kilip ɗin kafin ka taɓa shi

Rubuta shekarar da ya fito, da sunan wanda ya ba da umarni, da inda aka yi niyyar nuna shi. Tashar MTV mai nuna kilip ɗin waƙa ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 1981, kuma kilip ɗin shekarun nan don akwatin talabijin mai allon 4:3 aka yi su, shi ya sa fuska ke cika tsakiya. YouTube ya zo a 2005, allo mai faɗin 16:9 ya zama ruwan dare, yanzu kuma ga na tsaye 9:16 don waya. Wanda bai san wannan ba sai ya ga tsohon kilip mai tsaki-tsaki ya rubuta "kamera ba ta da kyau", alhali a fim na majigi aka ɗauka, ko kuma sabo ne aka tsufar da shi da niyya.

2. Kallo uku, kowanne daban

Na farko, kalla daga farko har ƙarshe ba tsayawa, bik a ajiye. Da ya ƙare rubuta layi biyu: me ka ji a jikinka, kuma wane hoto ne ya maƙale maka.

Na biyu, kashe sauti gaba ɗaya. A nan za ka gane ko hoton yana da nasa numfashi. Kilip da yawa da ake yabo, da an kashe sautin sai su zama mutane huɗu suna girgiza kai a cikin sito.

Na uku, kife wayar ka saurara kawai.

3. Zana taswirar waƙar

A sabon shafi, raba waƙar da lokutanta: shimfiɗa daga 0:00 zuwa kaza, baiti na ɗaya, amshi, baiti na biyu, amshi, solo na gita (inda aka bar wa mai gita fili shi kaɗai), rufewa. Duk abin da za ka faɗa nan gaba, a kan wannan taswira zai zauna.

Sannan nemo saurin kiɗan. Buga ƙafa tare da ganga, ƙidaya bugun cikin sakan 15, ninka da huɗu. In ka samu 30, bugu 120 ke nan a minti. Yawancin rok na Turawa huɗu-huɗu yake tafiya: babbar gangar ƙafa a bugu na ɗaya da na uku, ƙaramar mai ƙarar "tas" a na biyu da na huɗu. A saurin 120, kowane bugu rabin sakan ne, zagaye ɗaya na bugu huɗu sakan biyu. Idan kilip ɗin hotuna 25 ne a sakan, zagaye ɗaya hotuna 50 ke nan. Riƙe wannan lissafin, zai yi maka aiki a mataki na biyar.

Hattara da gitar arewa: da yawa daga cikin kiɗanta uku-uku yake juyawa. Idan ka tilasta masa ƙidayar huɗu za ka ruɗe. Bi tafin da ake yi da hannu, shi ne zai nuna maka inda zagayen ke komawa.

4. Ƙidaya pilan, ɗaya bayan ɗaya

Nan ne mutane ke gudu, kuma nan ne aikin yake. Pilan shi ne abin da ke tsakanin yanka da yanka. Ja layuka a kaye ka yi gidaje: lamba, lokacin farawa, tsawo, girman pilan, inda kamera ta tsaya, motsinta, haske da launi, sai abin da kiɗa ke yi a lokacin. Rage saurin kilip zuwa rabi. Zagaye na farko, sanda kawai za ka riƙa ja duk sa'ad da aka yanka, kana raba su baiti-baiti. Zagaye na biyu ne za ka cika gidajen.

Sai lissafi. A ce kilip ɗin minti 3 da sakan 40 ne, sakan 220 ke nan, ka ƙidaya pilan 110: matsakaicin tsawon pilan sakan biyu. Amma wannan adadi na jimla bai faɗi komai ba tukuna. Yi wa kowane sashe nasa. In baiti ya ba ka sakan huɗu, amshi ya ba ka sakan ɗaya, to ka kama sirrin abin da ya sa ƙirjinka ke bugawa da an shiga amshi. Wani mai montaj kuma akasin haka yake yi: ya yi ta yanka a baiti, da an iso solo sai ya bar kamera a kan yatsun makaɗi sakan goma sha ba ko motsi. Ni wannan na biyun ya fi burge ni, domin yana nuna ya yarda da makaɗinsa.

Kuskure biyu sun fi yawa a nan. Na ɗaya, ƙidaya walƙiyar fitila a matsayin yanka. Matsa hoto-hoto ka duba, in mutanen suna inda suke, pilan ɗin bai canza ba. Na biyu, juyin kamera da sauri daga mai ganga zuwa mawaƙi, wanda sau da yawa ake ɓoye yanka a cikin dishi-dishinsa. DaVinci Resolve, da ake yin montaj da shi a ordinata, yana da hanyar gano yanka da kansa, sai dai walƙiya tana ruɗa shi shi ma, dole ka bi bayansa. Af, in akwai mai farfaɗiya a kusa, kada ka kunna irin waɗannan wurare masu walƙiya a gabansa.

In kilip ɗin ya yi maka yawa, cika gidajen shimfiɗa, baiti ɗaya, amshi ɗaya da solo kawai. Sauran ka bar su da sanduna.

5. Gwada yanka da bugun ganga

Ɗauki bik na biyu. Kowane yanka ka duba inda ya faɗa: a kan bugu na ɗaya, a kan "tas", ko a tsakani. Za ka ga abubuwa iri-iri.

Akwai mai yanka daidai kan bugu koyaushe. Yana ba da ƙarfi, amma in ya daɗe mai kallo yana hango yankan tun kafin ya zo, sai gajiya. Akwai mai yanka da hoto ɗaya ko biyu kafin bugun, don ido ya riga ya sauka a kan sandar mai ganga kafin ta faɗi. Wannan ba za ka gan shi ba sai da maɓallin E da ekutar mai igiya. Akwai kuma wanda ya bar ganga ya bi numfashin mawaƙi, yana yanka a ƙarshen jimla. Idan ka tarar pilan da yawa tsawonsu hotuna 50 ne ko 25 ko 100 a waƙa mai saurin 120, ka san a kan zagayen kiɗa aka gina montaj ɗin.

In kana son ganin wannan dabara an kai ta ƙarshe, nemi kilip ɗin da Michel Gondry ya yi wa ƙungiyar The White Stripes a 2003, inda kowane bugu sai wata sabuwar ganga ta bayyana a jere a kan titi. Ba kwamfuta ce ta yi aikin ba, ɗauka ce da tsayawa da ƙara ganga da sake ɗauka.

Rubuta kuma irin haɗin: yanka kai tsaye, ko narkewar hoto cikin hoto, ko shiga baƙi, ko yankan tsalle, inda kamera ba ta motsa ba amma mutum ya yi zumbur ya koma wani wuri. A fim na labari ana ɗaukar yankan tsalle aibi. A rok da niyya ake yin sa don a ba da rashin natsuwa. Kada ka saka shi a jerin kurakurai sai ka tabbata bai yi wa waƙar aiki ba.

6. Kamera

Girma huɗu sun ishe ka: na nesa mai nuna wuri duka, matsakaici daga ƙugu zuwa kai, na kusa mai fuska, da na kusa ƙwarai, ido ko yatsa a kan tsirkiya. Duba wa aka fi ba na kusa. A nan ake gane waye uban tafiya a ƙungiyar, ko da a baki sun ce duk ɗaya suke.

Kamera daga ƙasa tana kallon sama tana girmama mutum, shi ya sa masu gita ke son ta. Daga sama tana ƙasƙantar da shi ko ta nuna yawan jama'a. In an karkatar da ita, ƙasa ta jirkice, ana neman ruɗani ne.

Motsi kuwa, bambanta zum da tafiyar kamera. Zuba ido a kan abin da ke bayan mutumin: in komai ya girma tare kamar an matso da hoton bango, zum ne, in abubuwan baya suna sauya wuri tsakaninsu, kamerar ce ta taka. Duba ko a hannu take tana rawa ko a kan ƙafa. Gilashin kamera mai ɗaukar faɗi yana kumbura abin da ke kusa, wuyan gita ya yi tsawo ya nufo ka. Mai jawo nesa yana manne mutum da bayansa ya kuma dusashe bayan.

Wani abu da ya raba kilip da fim: mawaƙi yana kallon cikin kamera, da kai yake magana. Lura da lokacin da ya fara yin haka da lokacin da ya kau da kai.

7. Haske da launi

Tsayar da hoto a kan fuska. Inuwar hanci za ta gaya maka inda babbar fitila take, ɗigon haske a ƙwayar ido zai gaya maka girmanta da yawansu. Inuwa mai kaifi, fitila ƙarama ce ko rana tsaka. Mai laushi, an tace hasken ko an mayar da shi daga farin abu. In gefen gashi da kafaɗa suna ƙyalli, akwai fitila a baya, kuma hayaƙin da ake sakawa don a ga sandunan hasken ne. Kilip ɗin ƙungiyar Queen na 1975, wanda Bruce Gowers ya yi, fuskoki huɗu ne cikin baƙin duhu, sauran duk an bar wa inuwa. Ya isa darasi a kan abin da ake samu idan aka rage fitila maimakon a ƙara.

Tsohon ƙwan fitila yana ba da ja-ja, wajen 3200 a ma'aunin launin haske na Kelvin, hasken rana kuma wajen 5600, mai shuɗi-shuɗi. Don ka gane ko an rina launi a montaj, nemi abin da ka san fari ne, riga ko bango, ka ga kalar da ya koma.

A nan sai ka buɗe ido sosai, domin yawancin waɗannan kilip an haska su ne don farar fata. Abin da ya yi kyau a can, a fuskarmu yana iya shafe komai ya bar haƙora da ido. Shi ya sa nake cewa a haɗa da kilip ɗin ƴan Agadez: duba yadda ake ɗaukarsu da hantsi ko da la'asar sakaliya, rana a gefe, da yadda mai kamera ke komawa kan ido da hannu idan rawani ya rufe baki.

8. Sauri, da kama pilebak

Kusan duk kilip, waƙar da aka riga aka ɗauka a sitidiyo ake kunnawa, makaɗa su bi, shi ne pilebak. Duba ko igiyar gita tana haɗe da amfuli, ko yatsu suna inda sautin yake, ko sanda tana faɗuwa tare da "tas". Ba don ka kunyata kowa ba, don ka san me aka ɗauka a fagen wasa da gaske, me aka shirya.

In ka ga gashi da ƙura suna tafiya a hankali amma baki yana daidai da waƙa, ga yadda ake yi: a ɗauka da hotuna 50 a sakan, a kunna wa mawaƙi waƙar da ninkin saurinta ya bi, sannan a mayar da hoton 25. Haka aka yi wa mawaƙin ƙungiyar Coldplay a 2000, yana tafiya a bakin teku a Ingila cikin pilan guda.

Kafin ka rubuta cewa an juya hoto, bincika hannun makaɗin. Mdou Moctar bahago ne, gitarsa dama can a juye take.

9. Hoto da kalmomi

Fara da tantance irin kilip ɗin: makaɗa ne suna wasa, ko labari ne, ko wani tunani ne da ba labari ba, ko gauraye. In gauraye ne, auna sakan nawa kowanne ya ci. Masanin nan Andrew Goodwin, a 1992, ya raba dangantakar hoto da waƙa gida uku: hoton ya nuna abin da aka faɗa, ko ya ƙara masa wata ma'ana, ko ya saɓa masa. Waƙoƙin finafinanmu na Hausa sun fi zama a gida na farko, an ce fure an nuna fure. Rok ya fi son na biyu da na uku. Ɗauki layi uku daga waƙar, ka ajiye kowanne kusa da hoton da ya hau kansa, ka faɗi gidan da ya faɗa.

10. Rubuta nazarin

Kowace magana ta zo da abu uku: lokaci, abin da aka gani, da aikin da ya yi. "Montaj ɗin yana da sauri kuma yana jan hankali" ba nazari ba ne, kowa ma zai iya faɗa a fada wajen shayi. Ga wanda ake so: "Daga 1:02 zuwa 1:18 an yanka sau 16, duk a kan ƙaramar ganga, bayan baiti mai pilan huɗu kacal, wannan ne ya sa amshin ya faɗo wa mai kallo da nauyi."

Kada ka zuba duk abin da ke kaye. Zaɓi dabara uku ko huɗu da suka riƙe kilip ɗin, ka saka hotunan allo da ka ɗauka a matsayin shaida. Kada kuma ka ce "mai ba da umarni yana nufin kaza" sai in shi ya faɗa a wata hira. Kai faɗi abin da hoton ya yi. In wani wuri bai yi ba, faɗa, tare da lokacinsa.

11. Gwada da hannunka

Zaɓi sakan 20 daga kilip ɗin, ka sake ɗaukarsu a nan gida da abokai biyu ko uku, pilan da pilan, tsawo da tsawo. Ba sai da gita ta gaske ba, gurmi ma ya yi. Ba ka da fitilar baya? Fitilar moto ko tocilan biyu. Ba injin hayaƙi? Garwashi da turaren wuta a ɗaki, taga a buɗe kaɗan. Madadin layin dogon kamera, zauna a baro ko a bayan moto a tura ka a hankali a kan daɓe mai santsi. Farin kwali ko murfin kula yana mayar da haske kan fuska. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yana tace maka rana kyauta, kuma fadamar Gulbi ko bakin tabkin Madarunfa suna ba da fili mai zurfi.

Saita wayar a hotuna 25 a sakan in tana yarda. Kuran ɗinmu mai juyi 50 ne a sakan, yawancin wayoyi kuma a 30 suke zuwa, shi ya sa kake ganin layuka suna yawo a hoton da aka ɗauka ƙarƙashin fitilar ɗaki. In akwai saitin hannu, sa saurin ƙyaftawar kamera a 1/50. Nemi izinin mai wuri da na duk wanda zai fito, ka nisanci wuraren jami'an tsaro da kamera.

Ka gama, jera naka a ƙarƙashin na asali cikin CapCut, ka kunna su tare a rabin sauri. Duk inda suka rabu, koma kaye ka duba gidan wannan pilan. Yawanci za ka tarar tsayin kamera ne ko gefen da haske ya fito ba ka rubuta daidai ba. Gyara gidan, ka sake ɗaukar wannan pilan ɗin kaɗai.